Koyon zama da mutane daga fim: yadda mai otizim zai yi kallon da zai amfane shi

Da yawa daga cikin masu otizim, lalurar da gidajen rediyo ke kira galahanga, a gaban telebijin suka fara gane yadda mutane ke hulɗa da juna, kafin su gane shi a tsakar gida. Dalilin a fili yake. Hirar gaske gudu take yi: mutum uku na magana lokaci guda, kabu-kabu na wucewa da ƙara, jariri na kuka, kuma ana jiran amsarka nan take. A fim kuwa fuska tana cika allo, magana na zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba mai zuba maka ido balle ya ce ka cika shiru. In abu ya wuce ka, sai ka mai da shi baya, kuma zai dawo yadda yake, ba ragi ba ƙari.

Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka wadda ke da otizim, ta bayyana wa likita Oliver Sacks cewa ta tara wata ma'ajiya ta kaset-kaset a cikin kanta, na yadda mutane ke yi a yanayi iri-iri, tana kunna su tana nazari don ta hango abin da mutum zai yi. A 2014 ɗan jarida Ron Suskind ya rubuta yadda ɗansa Owen, wanda maganarsa ta ɗauke yana wajen shekara 3, ya dawo yana hira da iyalinsa da kalmomin fina-finan zane na Disney da ya haddace. Abin da iyaye a nan Maradi ke gani su ce "yaron nan ba ya da aiki sai maimaita maganar fim", sau da yawa irin wannan ne. Yaron da duk sa'ad da aka hana shi fita yake faɗin jimlar da jaruma ta faɗa ranar da aka kore ta daga gida, gaya muku yake yi ransa ya ɓaci, da kalmomin da ke hannunsa. Kada a tsawata masa. A amsa masa da gajeriyar jimla ta gida: "Ranka ya ɓaci, kana son fita."

Mu dai muna goyon bayan wannan hanya, amma da sharaɗi guda. Duk abin da aka gani a fim tambaya ce da za a kai wa wani amintacce a gida, a ce masa: a nan wurinmu ma haka ake yi? Sai ya tabbatar kafin a gwada shi kan mutane. Kusan duk ɓarnar da za mu ambata a ƙasa daga tsallake wannan tambayar take tasowa.

Wane fim za a zaɓa

Shiri mai dogon zango na Hausa, irin na Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ko wasan kwaikwayon Tele Sahel, ko waɗanda ke fita mako-mako a YouTube, ya fi fim ɗin awa biyu. Mutanen ba sa canzawa, sai ka san yadda fuskar wance take in tana lafiya, daga nan ne za ka iya gane ranar da ta sauya. Nemi fitowar da ba abin da ke faruwa a cikinta sai harkar yau da kullum: baƙo ya yi sallama, yarinya ta kai saƙo maƙwabta, ana ciniki a shago. Mutum biyu, ko uku in ya yi yawa.

Fim ɗin Indiya na fassara shi ne mafi rashin dacewa da wannan aiki, duk daɗinsa. Baki na faɗin wani abu, murya na faɗin wani, kuma mai fassara kan cusa barkwancinsa a inda jarumin kuka yake yi. Wanda ke ƙoƙarin haɗa fuska da magana sai ya haɗa su a karkace. Fina-finan faɗa da na ban dariya zalla a bar su don nishaɗi.

A kuma lura cewa Hausar yawancin fina-finan nan ta Kano ce. Can makaranta, nan lakkwal. Can asibiti, nan likita. Can lissafin naira, nan dala da jaka. Saurayin da ya haddace maganar fim ya zo fada yana zuba Kananci da muryar jarumi, ƴan fada za su laƙaba masa suna kafin a sauke shayin farko. Abin ɗauka a fim shi ne tsarin maganar, wa ya fara, wa ya amsa, yaushe aka yi shiru. Kalmomin kuwa a ɗauko su daga bakin mutanen unguwa.

Yadda ake kallon

Yanki guntu na minti 1 zuwa 3. Abin da ya wuce haka, labari zai ja hankali a manta da aikin. Gunduwa ɗaya ta isa zama guda na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a mako. A waya ya fi sauƙi: a YouTube taɓa gefen hagu na allo sau biyu yana mai da kai baya daƙiƙa 10, kuma ana iya rage gudu zuwa 0.75, wanda ke sassauta motsin fuska ba tare da murya ta lalace ba. Wanda ba ya da kuɗin intanet ya sa masu tura fim su zuba masa a katin waya, ya buɗe da manhajar VLC, ita ma tana rage gudu.

Kallo na farko yadda aka saba, da murya. Na biyu a kashe murya gaba ɗaya, a bi jiki kawai: wa ke tsaye, wa ya durƙusa, tazarar da ke tsakaninsu, abin da hannu ke yi, inda kowa ya juya kafaɗarsa. Na uku a kife wayar a saurari murya kaɗai, inda ta hau, inda ta sauka, inda aka ja numfashi kafin amsa. Raba su ɗin nan yana da dalili. Masu otizim da yawa suna wahala wajen sarrafa gani da ji a lokaci guda, amma in aka ba su ɗaya bayan ɗaya sai su kamo abin da ko mai zama tare da su bai lura da shi ba.

Sai kuma tsayarwa. Da zarar ɗaya ya gama magana, kafin ɗayan ya amsa, a danna a tsayar, a yi tambaya uku: wa ya girmi wani a nan, me kowannensu ke so, me wannan ya sani da wancan bai sani ba? Tambaya ta ukun ita ce mai nauyi, domin mai kallo ya ga abin da ya faru a ɗaki, amma matar da ta shigo yanzu ba ta gani ba, kuma raba saninka da nata shi ne ginshiƙin fahimtar ƙarya, ɓoyo da rashin fahimta. A faɗi hasashe, a saki fim, a gani. In hasashen bai faɗa daidai ba, ba a yi asara ba, a koma baya a nemo alamar da ta kuɓuce.

A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale sun auna inda idon matasa da manya masu otizim ke sauka suna kallon fim. Sun samu sun fi kallon baki, jiki da kayan da ke ɗakin a kan idanun ƴan wasa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, waɗanda suka fi kallon baki sun fi waɗanda ke kallon kayan ɗaki iya mu'amala. Don haka mai taimaka masa a zaman kallo kada ya dinga cewa "dubi idonta, dubi idonta". Baki, gira, wuya da hannu duk suna ba da labari. In hankali ya tafi kan agogon bango ko labule, a tsayar, a sa yatsa kan fuskar a allo, a ci gaba.

A tanadi ƙaramin littafi. Kowace gunduwa layi huɗu: abin da ya faru, abin da aka faɗa, abin da ake nufi, da abin da Inna ko Yaya ko kawu ya ce game da ko ana yin haka a gidanmu. Layi na huɗu shi ne wanda ake yawan bari fanko, kuma shi ya fi sauran amfani.

Abin da almakashin mai tace fim ya zubar

Gaisuwa ita ce ta farko. A fim, "Salamu alaikum", "Ina kwana", sai a faɗa cikin magana, domin darakta ba ya da lokacin ɓatawa. A Maradi wanda ya je wurin dattijo ya yi haka, an gama yanke masa hukunci. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ina sanyi ko ina zafi gwargwadon lokaci, sannan a ɗan yi shiru, wani lokaci a sake zagayowa, kafin a ce "dama Baba ne ya aiko ni". Daɗin abin shi ne gaisuwarmu tsararriya ce, kowace tambaya da amsarta: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya, lokacinsa ne. Mai otizim da ke son ƙa'ida tabbatacciya zai iya haddace ta tsaf. Abin da ya kamata a faɗa masa ƙarara shi ne "ina gajiya" ba tambayar gaskiya ba ce. Ko ya kwana bai runtsa ba, amsar "ba gajiya" ce, ainihin labarin yana zuwa bayan an gama, kuma ga wanda ya dace.

Haka tayin abinci. Mutum na cin tuwo ya ce "bismilla", in ba gidanku ba ne ko ba abokinka na jiki ba, abin da aka fi sa rai shi ne "alhamdu lillahi, a ci lafiya". Fim ba ya bayyana wannan, yana nuna ko dai an zauna an ci ko an wuce. Haka zaman makoki: a fim ana nuna kuka da faɗuwa na daƙiƙa 30, a gaske kuwa mafi yawansa zama ne shiru a kan tabarma, "ya haƙuri", "Allah ya jiƙan rai", addu'a, a shafa, a ɗan jima, a tashi. Wanda ya koyi makoki daga allo zai ɗauka shirun nan alama ce wani abu ya lalace, sai ya fara cika shi da surutu.

Batun haɗa ido yana buƙatar a tsaya a kansa. Fina-finan Turawa, da yawancin bidiyon koyarwa da ke zuwa daga can, suna ɗaukar kallon cikin ido a matsayin alamar gaskiya da natsuwa. A wurinmu yaron da ya ƙura wa mahaifinsa ko malaminsa ido yana magana, tsaurin ido ke gare shi. Sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Masu otizim da yawa haɗa ido yana takura su, wasu har zafi suke ji, to ga al'ada ta sauƙaƙa masu, bai kamata a ɗauko nauyin wata ƙasa a ɗora masu ba. Tsakanin tsara, ɗan ɗaga kai lokaci-lokaci a dubi wajen goshi ko hanci ya wadatar.

Kiɗa ma yana yaudara. Kafin mugu ya buɗe baki, sautin da ke ƙasa ya riga ya sanar da kai mugu ne, kamara ta matso kan murmushinsa. Mai kallo zai ɗauka ya iya karanta fuska, alhali kiɗan ya karanta. Shi ya sa kallo ba murya yake da muhimmanci. Kuma a faɗa a sake faɗa: macucin gaske da fara'a yake zuwa, da "ɗan'uwana", da ƴar kyauta. Ƙa'ida mai sauƙi ta fi karatun fuska tsaro a nan. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi, ko waya, ko lambar sirri, ko ya ce "kada ka gaya wa kowa", sai an shawarci mutumin gida tukuna, kome kyawun fuskarsa.

Gatse, habaici da wasa

Nan ne fim ya fi amfani, nan ne kuma ya fi haɗari. Gatse yana rikita mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Uwa ta ce "to ci gaba, fasa shi ka huta", yaro ya fasa, a ce taurin kai ne. Fina-finan Hausa cike suke da gatse da habaici, musamman tsakanin kishiyoyi da tsakanin uwar miji da suruka, kuma ƴan wasa kan ƙara masa gishiri yadda alamunsa ke fitowa ƙarara: jan wasali, taɓe baki, tafa hannu, kallon gefe, magana da wani alhali da wani ake. A tara irin waɗannan gunduwoyi biyar ko shida, a bi su da saurare kaɗai, har kunne ya saba da karin. Manufar a gane shi ne in an yi. Yin sa kuwa a jinkirta, domin gatsen da aka yi wa wanda bai dace ba rashin kunya ne tsagwaronsa.

Wasan dangi ya fi wannan sarƙaƙiya. Jika na tsokanar kakarsa yana ce mata matarsa, taubasai na yi wa juna ba'a, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya. Al'ada ce mai daraja, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma fim ba ya tsayawa ya ce maka waɗannan biyun abokan wasa ne. Abin da mai kallo ke gani shi ne an zagi mutum, kowa ya yi dariya. Gobe ya maimaita wa liman ko surukin yayansa. Maganin abin a rubuce yake: a zauna da shi a jera sunayen mutanen da yake da wasa da su, ɗaya bayan ɗaya, da irin maganar da ta halatta. Wanda ba ya cikin jerin, babu wasa da shi sai in shi ya fara, kuma ko ya fara, murmushi ya isa amsa.

Soyayyar fim ita ce ta fi jefa samari cikin masifa. A allo yarinya ta ce ba ta so, jarumi ya nace, ya tare ta a hanya, ya yi ta kira, a ƙarshe a yi waƙa a ɗaura aure. A unguwa wannan hali yana kai mutum gaban yayyenta, ko gaban mai unguwa, ko kwamisariya. A koyar da shi a fili, ba kwana-kwana: "a'a" ɗaya ta isa. Saƙo biyu ba amsa, shi ma a'a ne. "Sai na yi shawara" da ba a dawo da ita ba, a'a ce. Ƴan mata masu otizim kuma a gaya masu cewa nacin namiji ba hujjar so ba ne, kuma ba dole ne su amsa kowane kira ba don gudun a ce ba su da kirki.

Daga allo zuwa ƙofar gida

A Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙungiyar Simon Baron-Cohen ta gwada wani zane na jiragen ƙasa da motoci masu fuskokin mutane a kan yara masu otizim ƴan shekara 4 zuwa 7, minti 15 kullum har mako 4, kuma yaran sun ƙaru wajen gane yanayin fuska. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba koyaushe wannan ƙaruwa ke bin yaro zuwa hulɗarsa ta yau da kullum ba. Gane abu a allo daban, yin sa a gaban mai shago daban. Don haka abin da aka kalla da safe a gwada shi a ranar, a ƙaramin wuri, da mutumin da ba zai yi dariya ba.

Abin da ya fi kowane fim aiki shi ne bidiyon gida. Waya ɗaya, ƴan'uwa biyu, daƙiƙa 30 zuwa 60. Ɗaya ya zama mai tebur, ɗaya mai saye: sallama, gaisuwa, "sukari na dala ashirin", miƙa kuɗi da hannun dama, jiran canji, "na gode, sai an jima". A ɗauka a wuri mai haske, ba rediyo a baya, ba kiɗa, kuma a nuna daidai ɗin kawai, domin kuskuren da aka nuna don gargaɗi shi ma ana haddace shi. A kalla sau biyu ko uku dab da fita. Bayan abin ya zauna masa, a sake ɗaukar wani da ɗan sauyi: yau babu sukari, yau babu canji, yau wani ya riga ka. In ba a yi haka ba, ranar da mai tebur ya kauce wa abin da aka haddace sai komai ya tsaya cak. A haɗa masa da jimlar ceto guda biyu da ke aiki ko'ina: "Ban gane ba, sake faɗi" da "Bari in je in dawo". Bidiyon nan na gida ne, kada ya shiga WhatsApp ko TikTok.

Ga ƙananan yara akwai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ƴan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a yini. Miƙa wa yaro waya don ya yi shiru ba ya cikin abin da muke bayani. Kallon da ke koyarwa shi ne wanda babba ke zaune a gefe yana tsayarwa yana magana. Gidan kallo, da ƙarar lasifika da cunkoso da ihu, bai dace da wannan aiki ba.

Akwai kuma farashi da ba a gani. Mai otizim da ya ƙware wajen kwaikwayo yana iya wuni yana murmushin da ya koya, yana riƙe hannunsa kada ya kaɗa, yana lissafin kowace amsa, mutane su ce "ai ya warke". Otizim yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, fim ba ya cire shi. Bincike ya danganta yawan ɓoye kai irin wannan da matsananciyar gajiya, fargaba da ciwon damuwa. Alamunsa: dawowa daga biki a shige ɗaki a kasa magana, fashewa da kuka ko faɗa kan ƙaramin abu da yamma, ciwon kai, ƙin abinci, rashin barci. In sun bayyana a rage. Biki na awa 1 maimakon wuni, kwana ɗaya na hutu bayan taro, da wuri guda a gida inda ba a neman ya gaishe da kowa ko ya zauna yadda ake so.

A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da otizim, ya yi bayanin cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda mai otizim ke wahalar karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. Zaman kallon nan dama ce ta gyara ɓangare na biyun. Mai taimako, bayan ya yi tambayoyinsa, ya juya ya ce: "Kai fa, in ranka ya ɓaci, me kake yi da zan gane?" Amsar kan zo da abin da gidan bai taɓa lura da shi ba, kamar shirun da ake ɗauka fushi ne alhali ƙarar injin niƙa ce ta cika masa kai, ko dariyar da ke fita lokacin tsoro. A rubuta wannan ma a littafin, a shafi na dabam, a karanta wa Inna da Baba da malamin lakkwal.